Filin Tambayoyin Masu Karatu: Yadda ake auna ƙarfin manhajar sabar imel

A wannan fitowar mun haɗa wasiƙu huɗu da suka zo mana daga cikin birnin Kano, domin duk a kan magana guda suke, wato yadda mutum zai auna ƙarfin manhajar da ke karɓar imel, ta ajiye shi, ta kuma isar da shi ga mai shi. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani kamfanin sarrafa kayan abinci da ke Bompai, muna da ma'aikata wajen 300. Shugabanninmu sun yanke shawarar mu kafa sabar imel tamu, saboda kuɗin hayar da muke biya da dala ya fara yi mana nauyi. Na ga wani jadawali a intanet da ya nuna Postfix ta fi Exim sauri, na kuma ga wani da ya nuna akasin haka, ga shi ɗan kwangilar da ya kawo mana tayi ya ce tasa manhajar tana sarrafa saƙo 1,000 a sakan guda. Wanne zan gaskata, kuma yaya zan gwada da kaina kafin mu kashe kuɗi? Daga mai karatu a Bompai.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka dogara da ko ɗaya daga cikin alƙaluman nan uku, ba don masu su sun yi ƙarya ba, sai don kowannensu ya auna abin da ba naka ba ne. Wanda ya saba sayen hatsi ya san cewa idan aka faɗa masa farashin tiya, abin da zai fara tambaya shi ne tiyar wace kasuwa, domin ta Dawanau da ta wani ƙauye ba lallai su zo ɗaya ba. Haka maganar saƙo 1,000 a sakan take. Saƙon mai girman nawa ne, kuma zuwa ga mutum nawa? An tace shi an duba ko tarkace ne ko yana ɗauke da bairos, ko kuwa an bar shi ya wuce haka nan? An rubuta shi a faifai kafin a ce an karɓa, ko a cikin RAM ya tsaya, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta da ke gogewa idan wuta ta ɗauke? A ƙarshe ina aka kai shi, akwatin mai shi, ko wata sabar gwaji da ke karɓa ta zubar? Idan aka sauya amsar ɗaya daga cikin waɗannan, sakamakon zai iya ninkawa ko ya faɗi warwas, alhali manhajar ba ta canja ba.

Ka fara da lissafin gidanka. A ce kowane ma'aikaci yana aikawa da karɓar saƙo 40 a rana, jimilla 12,000 ke nan. Ko da kashi ɗaya cikin biyar na wannan ya taru a cikin awa guda ta safe, saƙo 2,400 ne a cikin sakan 3,600, wanda bai ma kai saƙo ɗaya a sakan ba. Duk manhajojin da ka ambata za su yi wannan a kan tsohuwar kwamfuta ba tare da sun ji a jikinsu ba. Saboda haka abin da ya kamata ka auna shi ne halin sabar a ranar da abubuwa suka cakuɗe, kamar ranar da ofishin kuɗi zai tura wa kowa takardar albashi lokaci guda, ko ranar da layin intanet ya dawo bayan ya yini a yanke.

Manhajojin nan tsofaffi ne, kuma kowacce an gina ta ne a kan wani tunani. Eric Allman ya rubuta Sendmail a farkon shekarun 1980 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Philip Hazel ya fara Exim a 1995 a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya kuma tsara ta ne domin kwamfutocin da ke da haɗi mai kyau, inda akasarin saƙonni ke tafiya nan take ba tare da sun kwana a layin jira ba. Wietse Venema, ɗan ƙasar Holan, ya rubuta Postfix a cibiyar bincike ta IBM a Amurka, aka sake ta a Disamba 1998, kuma ya raba ta zuwa ƙananan manhajoji da dama, daga cikinsu akwai guda da aikinta kawai kula da layin jiran saƙonni. Wannan bambanci ba ya bayyana a gwajin da komai ke tafiya daidai. Yana bayyana ne idan saƙonni suka taru dubbai suna jira, kuma a garinmu wannan ba baƙon abu ba ne.

Kafin mu zo kan yadda ake gwajin, ya kamata ka san inda cikas ya fi faruwa, domin ba kasafai yake cikin manhajar kanta ba. Wuri na farko shi ne faifan ajiya. Ƙa'idar aika imel, wato SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982 aka kuma sabunta ta a 2008 a cikin takarda mai lamba RFC 5321, ta shar'anta cewa da zarar saba ta amsa da lambar 250 bayan an gama miƙa mata saƙo, to alhakinsa ya koma wuyanta, kuma ba a yarda ta batar da shi ba ko da kwamfutar ta mutu bayan nan. Domin cika wannan alƙawari, manhaja ta gari ba ta amsawa sai ta umarci faifai ya rubuta saƙon, ta kuma jira ya tabbatar mata ya rubuta. Faifai mai juyi 7,200 a minti yana zagayawa sau 120 ne kacal a sakan, don haka irin wannan rubutu mai tabbaci ba zai wuce wajen 120 a sakan ba, kuma kowane saƙo yana buƙatar fiye da ɗaya, tunda za a rubuta shi a layin jira, a sake rubuta shi bayan an tace, a kuma rubuta shi a akwatin mai shi. Wanda ya ce maka ya sami saƙo 1,000 a sakan a kan irin wannan faifai, ka san akwai matakin da ya tsallake. Faifan SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, yana ɗaga wannan iyaka sosai, shi ya sa sau da yawa sauya faifai ya fi sauya manhaja amfani.

Wuri na biyu shi ne matattara. SpamAssassin da Rspamd masu tace tarkacen saƙo, da ClamAV mai farautar bairos, suna buɗe kowane saƙo su karanta, su warware fayilolin da aka liƙa masa, biyun farko kuma su aika tambayoyi da dama zuwa sabar DNS, wato kundin sunaye da adiresoshin intanet, domin sanin ko adireshin mai aikowa yana cikin jerin masu laifi, ko sa hannunsa na DKIM, wato hatimin da ke tabbatar da inda saƙo ya fito, ya inganta. Lokacin da wannan ke ci yakan fi wanda Postfix ko Exim ke ci nesa ba kusa ba. Jadawalin da aka yi ba tare da matattara ba yana nuna ƙarfin sabar da babu wanda zai yarda ya yi aiki da ita.

Wuri na uku shi ne layin intanet, kuma a nan nisa yana da nasa hukunci. Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kilomita 200 ne a cikin milisakan ɗaya. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta daga Legas zuwa Fotugal ya kai kilomita 7,000, ga kuma wajen kilomita 1,000 tsakanin Kano da Legas, don haka zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 80 ba tun kafin na'urorin da ke hanya su ƙara nasu jinkirin. Tattaunawar SMTP guda ɗaya, daga gaisuwa zuwa kulle sirri zuwa miƙa saƙo zuwa sallama, tana iya ɗaukar zuwa da dawowa wajen goma, wato kusan sakan guda ga kowane saƙo da zai je Turai idan sabon haɗi aka buɗe masa. Postfix kuma a tsarinta na asali ba ta buɗe haɗi fiye da 20 lokaci guda zuwa wuri ɗaya. Ga faɗin layin ma: fayil mai megabait 3 yakan koma wajen 4 bayan an juya shi zuwa sigar da imel ke ɗauka, kuma layi mai megabit 10 a sakan (megabit 8 ne ke yin megabait ɗaya) zai ci fiye da sakan 3 kafin ya fitar da shi, saboda haka saƙo 300 irin wannan, kowanne da kansa, minti 16 ne ko da wace manhaja kake amfani.

To ga yadda za ka yi gwajin. Kana buƙatar kwamfuta uku a kan haɗin cikin gida: wadda za a gwada, wadda za ta riƙa antayo mata saƙonni, da wadda za ta tsaya a matsayin duniyar waje. Kada ka haɗa mai antayowa da wadda ake gwadawa a kwamfuta guda, domin za su riƙa rububin ƙarfi ɗaya, sakamakon ya gurɓata. Postfix tana zuwa da kayan aiki biyu kyauta, smtp-source mai aika saƙonni da yawa, da smtp-sink mai karɓa ya zubar, kuma ana iya gwada kowace manhaja da su, ba Postfix kaɗai ba. Akwai kuma Postal na Russell Coker, wanda ke sassauya girman saƙonni da adiresoshi. A smtp-source za ka faɗi adadin haɗin da za a buɗe lokaci guda da -s, adadin saƙonni da -m, girman kowanne da -l. Girman nan kada ka ƙirƙire shi da ka. Ka duba bayanan imel ɗinku na yanzu, za ka tarar akasarin saƙonni ƙanana ne, amma 'yan kaɗan masu ɗauke da hoton takardar da aka ɗauka da waya su ne ke cinye wuri, don haka ka gauraya su a kan wannan ƙima.

Ka fara da haɗi 5, ka koma 10, sannan 20 da 50, kana lura da abu biyu. A wata taga ta allon kwamfuta ka buɗe umarnin iostat ka ga yadda faifai ke fama, a wata kuma ka buɗe qshape, mai nuna layin jiran Postfix, ko umarnin duba layi na manhajar da kake gwadawa. Matakin da layin jira ya fara tsawo bai kuma raguwa ba, nan ne iyakar sabarka ta gaskiya, ko da tana ci gaba da karɓar saƙonni da sauri ta ƙofar gaba. Mutane da yawa a nan suke ruɗuwa, su ƙirga abin da ya shiga su manta da abin da ya fita. Kowane gwaji ka bar shi ya yi aƙalla awa guda, ka maimaita shi sau uku ko fiye, kuma kada ka sauya abu biyu a lokaci ɗaya. Wajen rubuta sakamako kada ka tsaya kan matsakaicin lokaci, ka duba saƙon da ya fi jinkiri a cikin kowane 100, domin shi ne wanda manaja zai kira ka a kai.

Gwajin da na fi ba muhimmanci ga mai saba a Kano shi ne na cunkoso bayan yankewa. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, aka yi kwana da kwanaki ana fama da intanet a Najeriya da maƙwabtanta. Kwaikwayon wannan ba shi da wuya. Ka kashe smtp-sink, ka tura wa sabarka saƙo 20,000, ka bar su su taru, sannan ka kunna shi, ka ƙirga mintocin da za ta ɗauka kafin ta sauke nauyin. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ka aika sabon saƙo guda a tsakiyar saukewar, ka ga ko zai wuce nan da nan ko sai ya bi bayan tsofaffin. Ka kuma sa jinkiri na ganganci a kan haɗin da umarnin tc na Linux, kamar milisakan 150, domin gwajin ya yi kama da layinka na gaske.

Idan ra'ayina kake nema, ga kamfani irin naku zan ɗauki Postfix tare da Dovecot, manhajar da ke buɗe wa mutane akwatunansu, a kan faifan SSD mai inganci, saboda yadda Postfix ke tafiyar da dogon layin jira da kuma sauƙin karanta bayananta. Amma idan Exim ce kai da mataimakinka kuka ƙware a kai, to ku riƙe ta, domin bambancin da ke tsakaninsu bai kai asarar da rashin sanin manhaja ke jawowa da tsakar dare ba. Shi kuma ɗan kwangila, gani ya kori ji: ya kawo manhajarsa ya ɗora a kan kwamfutarku, da matattara a kunne, a yi mata gwajin da aka yi wa sauran.

Tambaya: Ina aiki a wata makaranta mai zaman kanta a wajen titin Gidan Zu. Na gwada sabarmu da smtp-source, na sami ɗaruruwan saƙonni a sakan, na yi murna. Amma duk ranar Litinin da safe malamai sai su yi ta ƙorafin cewa imel ba ya buɗewa a wayoyinsu, wani lokaci kuma saƙon da aka aiko tun takwas sai tara ta wuce yake isowa. A ina matsalar take? Muna kashe sabar ranar Juma'a da yamma saboda tsadar man janareta. Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, jimlarki ta ƙarshe ita ce rabin amsar. Idan sabarku ta kwana biyu a kashe, masu aiko muku da imel ba sa zubar da shi, ajiyewa suke yi suna sake gwadawa, domin ƙa'ida ta nemi a ci gaba da ƙoƙari na kwana 4 zuwa 5. Da kin kunna ranar Litinin, saƙonnin Asabar da Lahadi za su fara kwararowa a cikin awa ɗaya ko biyu, a daidai lokacin da ClamAV ke loda kundinta mai cinye fiye da gigabait guda na RAM, ga kuma wayoyin malamai duka suna neman shiga lokaci guda, alhali babu komai na akwatunansu a cikin RAM, dole sai an ɗebo daga faifai. Gwajin da kika yi, ina kyautata zaton da rana tsaka kika yi shi a kan sabar da ta daɗe a kunne. Ki sake shi minti ɗaya bayan kin tayar da ita, za ki ga wani adadi dabam.

Game da saƙon da ke makara, ba sai kin yi hasashe ba, domin Postfix tana rubuta bayani a kan kowane saƙo a kundin aikinta. Ki nemo layin saƙon da aka yi ƙorafi a kai, za ki ga wani abu mai kama da wannan: delay=42, delays=0.3/38/1.2/2.5. Adadin farko jimillar sakan ne. Huɗun da ke biye kuwa, na farko lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya shiga hannun mai kula da layi, na biyu zaman da ya yi a layi, na uku lokacin kulla haɗi da wurin da zai je har da tambayar DNS, na huɗu lokacin miƙa shi. A wannan misali sakan 38 sun tafi a zaman jira, wanda ke nuna akwai wani mataki a gaba da ya cika, kuma mafi yawan lokuta matattara ce da aka saita ta tace saƙo biyu kacal a lokaci guda. Idan na uku ne ya kumbura, ki tuhumi DNS, kuma maganinsa shi ne ki ɗora ƙaramar sabar DNS mai ajiye amsoshi, kamar Unbound, a kan kwamfutar kanta. Idan kuwa duka huɗun ƙanana ne, to jinkirin daga can wajen mai aikowa ne, wanda ya gwada da asuba ya tarar kuna kashe, ya kuma ɗaga zuwa wani lokaci. Postfix kanta tazarar sake gwadawarta tana iya kai wa sakan 4,000, wato fiye da awa guda.

Ɗaya rabin amsar shi ne kin auna ƙofar shigowa ne kawai. Abin da malamai ke ji a hannunsu aikin IMAP ne, wato ɓangaren da ke nuna wa waya abin da ke cikin akwati, kuma a sabarku mai yiwuwa Dovecot ce ke yin sa, manhajar da Timo Sirainen na ƙasar Finlan ya fitar a 2002. Tana da nata abin gwaji mai suna imaptest, wanda ke kwaikwayon mutane da yawa suna shiga, suna buɗe saƙo, suna bincike, suna sharewa. A nan abin ƙirgawa shi ne adadin haɗin da sabar za ta riƙe a buɗe, domin kowace waya takan bar haɗi ɗaya ko fiye a buɗe duk yini tana jiran sabon saƙo. A tsarin Dovecot na asali kowane haɗi mai sirri yana riƙe da ma'aikacin shiga guda, wato ƙaramar manhajar da ke karɓar masu shigowa, kuma iyakarsu 100 ce, don haka makarantar da ke da malamai 60, kowa da waya da kwamfuta, za ta iya cika wannan iyaka alhali kwamfutar ba ta yi rabin ƙarfinta ba. Kundin aikin Dovecot zai faɗa miki idan hakan ta faru, kuma gyaran layi biyu ne a fayil ɗin saituna. Akwatunan gwajin kuma kada ki bar su fanko. Ki cika wasu da saƙo 20,000, irin na shugabar makaranta da ba ta taɓa share komai ba, sannan ki ga yadda bincike zai kasance. Idan har yanzu kuna ajiye kowane akwati a fayil guda, tsarin da ake kira mbox, ki gwada Maildir ko mdbox, masu rarraba akwati zuwa fayiloli da dama, ki kwatanta.

Shawarata dai ita ce ki lissafa kuɗin inbata da batir da sola da za su riƙe wannan kwamfuta guda da na'urar intanet a ƙarshen mako. Idan makarantar ba za ta iya ba, gara a mayar da sabar cibiyar ajiyar bayanai da ba a kashewa.

Tambaya: Ina sana'ar haɗa kwamfuta a titin Beirut. Wani abokina ya nuna mini cewa idan aka mayar da layin jiran saƙonni cikin RAM, aka kuma hana Dovecot jiran tabbacin faifai, saurin saba yana ninkawa sau da yawa, kuma na gani da idona. Akwai illa idan na yi wa kwastomomina haka?

Amsa: Akwai illa babba, ɗan'uwa. Saurin da ka gani na gaske ne, amma an same shi ne ta hanyar karya alƙawarin da na ambata a amsar farko. Sabar tana cewa ta karɓa alhali saƙon yana wurin da ɗaukewar wuta ta sakan ɗaya za ta shafe shi, shi kuma mai aikowa ya riga ya goge nasa kwafin saboda an ce masa 250. Babu wanda zai sami sanarwar cewa saƙon ya ɓata. Kwastomanka zai gane ne bayan mako biyu, lokacin da mai kawo masa kaya ya ce ai ya turo takardar kuɗi tun tuni.

Akwai gwajin da ke tona wannan, kuma ina ganin bai kamata a miƙa wa kowa saba a garin nan ba tare da an yi shi ba. Ka shirya saƙonni masu lamba a jere, daga 1 zuwa 10,000, ka sa kwamfutar da ke aikawa ta riƙa rubuta lambar duk wanda aka amsa mata da 250. Ana tsakiyar aiki, faifai na ƙyafta fitila, ka miƙa hannu ka zare wayar wutar sabar daga bango. Ba kashewa ta umarni ba, zarewa. Ka mayar, ka bar ta ta tashi ta gama isar da abin da ke layi, sannan ka kwatanta jerin mai aikawa da abin da ke cikin akwatuna. Idan wani saƙo ya zo sau biyu, wannan abin haƙuri ne. Idan lamba ɗaya tak ta ɓace, sabar ta faɗi jarrabawa komai saurinta. Ka maimaita sau da yawa, kuma a kan kwamfutar da babu bayanan kowa a ciki.

Wannan gwaji yana kama wani mai laifin da ba manhaja ba, wato faifan da ke cewa ya rubuta alhali abin yana cikin ƙaramar ma'ajiyarsa ta wucin gadi. Faifan SSD da aka ƙera domin saba yana da 'yan na'urorin riƙe caji da ke ba shi damar ƙarasa rubutu idan wuta ta ɗauke, wanda akasarin masu araha ba su da shi. Masu arahar kuma sukan yi gudu a mintocin farko, da ɓangarensu mai sauri ya cika sai su ja baya, shi ya sa gwajin minti biyu ba ya nuna halinsu. Ka auna faifan shi kaɗai da fio, kayan gwajin saurin faifai, ka umarce shi ya nemi tabbaci bayan kowane rubutu. Kada kuma ka ce ai akwai UPS, na'urar da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke. Batirinta mai dalma yana rasa wajen rabin rayuwarsa a duk ƙarin digiri 10 na zafi sama da 25, kuma ka san yadda ɗakin da ba iyakwandishan yake a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura 40. Wannan zafin yana sa furosesa da SSD su rage gudu domin kare kansu, don haka gwajin da aka yi da sanyin hunturu a sake shi da bazara, bayan an kakkaɓe ƙurar da ta toshe fanka.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero, aikina na kammala digiri a kan kwatanta Postfix da Exim ne. Zan iya buɗe akwatunan Gmail guda goma in riƙa tura musu dubban saƙonni domin gwajin ya zama na zahiri?

Amsa: A'a, ƙanina, kada ka yi. Abin da za ka auna a haka shi ne matakan da Gmail ke ɗauka na takura wa baƙon mai aikowa, ba ƙarfin manhajarka ba, domin da ta ga ruwan saƙonni daga adireshin da ba ta sani ba za ta fara ce masa ya dawo an jima, ko ta ƙi karɓa ɗungurungum. Tun daga Fabrairu 2024 Google ta wajabta wa mai tura wa Gmail saƙo 5,000 ko fiye a rana ya kasance yana da SPF da DKIM da DMARC, wato hanyoyin tabbatar da asalin mai aikowa. Bayan haka kana iya jefa adireshin intanet ɗin da kake amfani da shi cikin jerin masu laifi irin na Spamhaus, ka jawo wa duk wanda kuke tarayya da shi matsala. Kamfanonin da ke ba da hayar saba da dama ma sun toshe ƙofa ta 25, wadda imel ke bi tsakanin saba da saba, tun farko saboda irin wannan.

Ka yi komai a rufe a cikin ɗakin gwaji, da smtp-sink a matsayin waje, da sunayen yanki masu ƙarewa da .test, waɗanda aka keɓe musamman domin kada su taɓa zuwa wurin kowa. Kada ka kwafi imel ɗin mutane na gaske ka yi gwaji da shi, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi wannan. Idan kana son saƙonni masu kama da na ofis, akwai tarin imel na kamfanin Enron na Amurka, wajen 500,000, wanda ya fita fili a lokacin binciken da hukumomi suka yi wa kamfanin, masu bincike kuma sun daɗe suna amfani da shi. Domin tabbatar da cewa matattara na aiki, akwai rubutun gwaji na GTUBE ga tarkacen saƙo da fayil ɗin EICAR ga bairos, dukkansu ba su da cutarwa.

Idan sabar haya za ka yi amfani da ita, ka sani kuna raba kwamfuta guda da wasu, kuma wasu kamfanoni suna ba da ƙarin gudu na ɗan lokaci wanda ke ƙarewa, don haka kwamfutar da ke gabanka ta fi dacewa da aikin kwatance. A cikin kundin naka ka rubuta sigar kowace manhaja, da irin faifai da tsarin fayil, da girman RAM, da cikakkun saitunan da ka sauya, waɗanda umarnin postconf -n zai fitar maka a Postfix. Ka daidaita iyakar haɗi da tsarin tabbatar da rubutu a manhajojin biyu, ka share layi da akwatuna kafin kowane zagaye, ka kuma sassauya wadda ke fara shiga gwaji. Sakamakon kowane zagaye ka nuna shi da kansa, domin idan tazarar da ke tsakanin zagayen manhaja guda ta fi tazarar da ke tsakanin manhajojin biyu, to abin da za ka rubuta wa malaminka shi ne gwajin bai nuna bambanci ba.